Ɗan Sahu, Shata, Bas ko Motar Manhaja: Wanne Ya Dace da Zirga-zirgarka a Birnin Kano?

Mai zuwa cefane Yankaba, da mai kai mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano, da ma'aikacin da ke sammako zuwa Sakatariyar Audu Bako duk a bakin titi ɗaya suke tsayawa, amma ba abin hawa ɗaya ya dace da su ba. Yawancin mutane kuɗin kujera suke dubawa su yanke shawara. A nan ake yin asara, domin a Kano kuɗin hawa ɗaya ba shi ne kuɗin tafiya ba. Abin lissafawa shi ne sau nawa za ka sauka ka sake hawa kafin ka isa, ku nawa ne, kuma me ka riƙo a hannu.

Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Gurbin da babur ya bari adaidaita sahu ce ta cike shi, wadda asalinta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo don mata su huta da hawan acaɓa. Yau zaɓin mai harkar yau da kullum bai wuce biyar ba: ɗan sahu na haɗaka, ɗan sahu na shata, bas, motar da ake kira ta manhaja, sai kurkura, wato ƙaramar motar dako, idan akwai kaya.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, amma na tafiyar duka, zuwa da dawowa, har da na ɗan dako. Na biyu samuwa: shin za a same shi a unguwarku a lokacin da kake buƙata, da safe, da tsakar rana, da bayan isha'i, da ranar ruwan sama? Na uku lokaci, na jira da na kan hanya. Na huɗu inda zai iya kai ka, domin akwai mai tsayawa a bakin kwalta, akwai mai shiga har ƙofar gida. Na biyar kaya. Na shida haɗari, na hanya da na ɓarayi.

Ba a sa farashi da naira a teburin ƙasa ba da gangan. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka biya da azumi ba shi ake biya da babbar sallah ba. Abin da bai cika canzawa ba shi ne yadda kuɗin wannan yake idan aka gwada shi da na wancan.

| Abin hawa | Kuɗi | Samuwa | Inda yake kaiwa | Kaya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗan sahu, haɗaka | Matsakaici, kowane hawa da kuɗinsa | Ko'ina, daga asuba zuwa dare | Bakin titi da kwana | Leda biyu ko uku | Ƙwacen waya, tuƙin ganganci |
| Ɗan sahu, shata | Kusan kuɗin kujera uku zuwa huɗu | Ko'ina, sai an yi ciniki | Har cikin lungu | Buhu ɗaya ko biyu | Rigimar kuɗi idan ba a daddale ba |
| Bas | Mafi araha a doguwar hanya | Manyan tituna kawai | Tasha zuwa tasha | Ana biya wa kaya daban | Yankan aljihu, ɓata lokaci |
| Motar manhaja | Mafi tsada | Wasu unguwanni, sai da data | Ƙofar gida idan mota na shiga | But ɗin mota | Direba ya fasa zuwa |
| Kurkura | Ciniki, gwargwadon nauyi da nisa | Bakin kasuwanni | Har ƙofar shago ko gida | Buhuna, katako, siminti | Lodi fiye da ƙima |

Ɗan sahu na haɗaka

Shi ne jigon sufurin Kano. Ka tsaya a gefen da ya dace, ka ɗaga hannu, ka faɗi inda za ka. Idan hanyarsa ce ya tsaya, in ba haka ba ya kaɗa kai ya wuce. Baya na cin mutum uku. Na huɗun da ake ɗorawa a gefen direba shi ne ya fi kowa shiga haɗari, rabin jikinsa a waje yake, kuma shi ne dalilin da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kan tare direba ku duka ku yi zaman jira. Idan kujerar gaba kaɗai ta rage, gara a jira na baya.

Abin da baƙo ba ya ganewa da wuri shi ne ɗan sahu ma yana da layinsa ko da ba a rubuta ba. Wanda ya ɗauko mutum biyu masu zuwa Bata ba zai karkata Zoo Road saboda kai ba. Don haka a koyi faɗin mahaɗa maimakon sunan unguwa. Mai zuwa Tarauni daga Kabuga zai daɗe a tsaye yana cewa "Tarauni", alhali da ya ce Ɗan Agundi ko Dangi da tuni ya samu, daga can ya kama na biyu. Manyan mahaɗun da ake sauya hawa su ne Bata da 'Yankura, Ƙofar Nassarawa, Ɗan Agundi, Dangi, Kabuga, Tal'udu, Ƙofar Ruwa, Gadar Lado da shataletalen Hotoro. Wanda ya san wace mahaɗa ce ke kallon wace unguwa ya gama rabin wahalar garin.

Amma a nan ne lissafin ke ɓoye. A ɗauka, a matsayin misali kawai, kowane hawa naira 300 ne. Tafiya mai hawa uku ta zama 900, zuwa da dawowa 1,800. Idan uwa ce da 'yarta budurwa da ƙanwarta, kuɗin ya ninka uku. Ga tsayuwa sau uku a rana, ga tsallaka titi mai hannu biyu da kaya.

A daddale kuɗi kafin a sa ƙafa. "Malam, nawa za ka kai ni Ƙofar Mata?" Ya faɗa, ka taya, ku daidaita, sannan ka faɗa masa irin kuɗin da ke hannunka: "Dubu ɗaya ce a hannuna, akwai canji?" Rashin wannan tambayar shi ke jawo a haɗa fasinja biyu da takarda ɗaya a ce su je su raba. Wasu direbobin na karɓar taransifa, amma kada a dogara da ita. Idan sabis ya tsaya, kai da direba da sauran fasinja kun tsaya ke nan.

Me ya sa kuɗin ke hawa da yamma? Yawancin direbobin ba su ne masu mashin ɗin ba. Ko dai suna kai balas kullum ga mai shi, ko suna biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan har ya zama nasu, ga mai, ga harajin rana. Wanda la'asar ta yi bai haɗa balas ba zai tsuga kuɗi, zai kuma yi gudu da kutse tsakanin motoci. Daga nan yawancin haɗurran suke: tsayawa farat ɗaya don an hango fasinja, juyawa ba sigina, bin hannun da ba nasa ba. Mashin mai ƙafa uku kuma ba ya son a sha kwana da gudu, kifewa yake. Ba laifi ba ne ka ce, "Ɗan'uwa, a sassauta, ba sauri muke ba." Idan bai ji ba, a sauka a biya shi na inda aka zo.

Ɗaya haɗarin shi ne waya. Adaidaita a buɗe take ta gefe biyu, mai ƙwace kuma a cunkoso yake aiki ko a wurin da babu fitila. Waya ta zauna a aljihun da ke ɓangaren ciki, jaka a kan cinya ba a gefen ƙofa ba. Akwai kuma masu fakewa da sana'ar: ka tarar da mutum biyu a baya, ɗaya ya sauko ya ce ka shiga tsakiya, a yi ta "gyara zama, Alhaji", can a ce ba hanyarka za a bi ba a sauke ka, ka laluba aljihu wayam. Duk adaidaitar da aka dage sai ka zauna a tsakiya, ko wadda babu lambar rajista a jikinta, a bar ta ta wuce. Samuwa kuwa babu kamarta, sai dai a tuna cewa a 2022 an kafa dokar hana ta aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko a lokacin da aka sassauta kamen, bayan goma mashinan kan yi ƙaranci, kuɗi ya ninka, haɗari ma haka.

Shata

Mashin ɗin dai shi ne, bambancin kai kaɗai ka ɗauke shi, wasu na cewa dirof. Direba na lissafa kujerun da zai rasa ne, shi ya sa kuɗin kan kama na mutum uku zuwa huɗu, ya ƙara wani abu idan ya san zai dawo ba fasinja. Ga mutum ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya wannan ɓarnar kuɗi ce. Amma da zarar kun kai uku, ko tafiyar mai hawa uku ce zuwa sama, shata kan zo daidai da haɗaka ko ma ta fi sauƙi, kuma ba sauka ba tsallaka titi.

Fifikonta na gaske shi ne lungu. Cikin ganuwa, irin su Mandawari, Jakara, bayan Kasuwar Kurmi da Gwammaja, akwai hanyoyin da mota ba ta shiga sai ɗan sahu. Haka sababbin unguwannin gefen gari da kwalta ba ta kai ba, a Kumbotso da Ungogo.

Rigimar shata daga bakin da ba a yi ba take tasowa. Kafin a tashi a fayyace abu huɗu: ainihin inda za a tsaya, ba sunan unguwa kawai ba, domin Ɗorayi ko Sheka faɗi gare su, ko akwai biyawa wani wuri a hanya, ko zai jira, kuma na minti nawa, da cewa ba zai ɗauki kowa ba. Wanda bai faɗi na ƙarshen ba zai ga an tsaya an ɗora wani a gaba. Kuɗin jira a yanke shi tun farko, musamman a banki da asibiti inda minti goma ke zama awa. Idan zuwa da dawowa ne, a ba da rabi a can, rabi in an dawo.

Gidan da ke da zirga-zirga mai maimaituwa, kamar kai yara makaranta da ɗauko su, ko kai tsohuwa ganin likita duk mako, ya fi musu su riƙe direba ɗaya ɗan unguwa wanda aka san gidansu, a yi yarjejeniyar mako ko wata. Yana rage kuɗi, yana rage fargaba. Illarsa ɗaya: ranar da mashin ya kwana a gareji, ko aka kama shi, kun tsaya. A riƙe lambar wani na biyu.

Bas

Bas-bas ɗin haya, yawanci tsofaffin hayis, sun ragu sosai tun da ɗan sahu ya mamaye gari, amma ba su ƙare ba. Suna nan a dogayen titunan da ke fita daga tsakiyar gari: titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo zuwa wajen Dawanau, titin Zariya ta Unguwa Uku da Na'ibawa, titin Gwarzo ta Kabuga da sabuwar jami'ar Bayero, titin Haɗeja ta Yankaba. Gwamnatoci sun sha sayo manyan bas, kamar na Kanawa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022, amma mai fita kullum ba ya gina lissafinsa a kansu. In an dace da ɗaya a hau.

A doguwar hanya miƙaƙƙiya babu mai kayar da bas a araha, domin abin da ɗan sahu zai raba maka gida biyu, ita hawa ɗaya ne. Da lokacinka kake cike gibin. A tasha sai ta cika take tashi, a hanya kuma kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni, ana tsayawa duk inda aka ga mutum. Dabarar ita ce kada a shiga wadda ke lodi babu kowa a ciki. A ɗan taka gaba da tasha a tari wadda ta riga ta taso. Mai sauka kusa ya zauna kusa da ƙofa, in ba haka ba sai an sauke layi guda kafin ya fita. A sanar da kwandasta tun da sauran tazara, "akwai a Kurna", ba sai an zo daidai wurin ba.

Ta fuskar haɗarin hanya bas ta fi adaidaita kariya, jikinta rufe yake, mai fizgar waya ma sai ta taga. Nata ɓarayin a wajen turereniyar shiga suke. Zafi kuwa, a watan Afrilu da tsakar rana, kujerar baya ba wurin mai hawan jini ko mai goyo ba ce. Buhu ana biya masa kuɗinsa daban, wani lokacin kamar kujera guda.

Motar manhaja da tasi

Tasi mai launin ɗorawa da aka sani a da ta zama sai an dace. Mai son mota yanzu ko dai ya kira ta manhaja irin su Bolt, ko ya riƙe lambar wani direba. Amfaninta a fili yake: kana ganin kuɗi kafin ka hau, akwai sunan direba da lambar mota, kana iya tura wa na gida su bi tafiyarka, ga rufi ga but. Ranar ruwa ko ranar da hazo ya turnuƙe, mai farin kaya zai isa da farinsu.

Sai dai motocin sun fi yawa a Nassarawa, Bompai, Zoo Road, wajen filin jirgin Malam Aminu Kano da manyan otal. Daga Bachirawa ko Panshekara kana iya jira ka gaji. Sau da yawa direba zai kira ya tambayi inda za ka, in bai yi masa ba ya fasa, ko ya nemi ƙari a kan abin da manhaja ta nuna, ko ya ce a kashe manhajar a yi ciniki. Wanda ya yarda da na ƙarshen ya zubar da kariyar da ya biya tsada dominta. Taswira kuma ba ta san lungunan Kano ba, don haka a ba direba alamar da kowa ya sani, masallacin Juma'a, gidan mai ko makaranta, a fito can a same shi. A duba lambar mota ta yi daidai da ta waya kafin a buɗe ƙofa. A cunkoson Kantin Kwari ko Singa mota ba ta da wani fifiko, inda adaidaita za ta kurɗa ita tsayawa za ta yi.

Kurkura da 'yan dako

Wannan ba ta fasinja ba ce, amma mai sayayya ba ya rabuwa da ita. Buhun masara uku daga Dawanau, kwanon rufi daga Ƙofar Ruwa, katan-katan daga Singa, duk aikinta ne. Cusa irin wannan kaya a adaidaita na sa gaba ya ɗage, birki ya ƙi ci. Ciniki ya haɗa da lodi da saukewa, a ƙirga kaya a gaban direba, a karɓi lambar wayarsa, mai kaya ya zauna a gaba ko ya bi shi a baya. A cikin kasuwa kuwa mai baro ne zai fito maka da kaya bakin titi. A yanke kuɗinsa kafin ya ɗora, kuma a bi shi ƙafa da ƙafa, domin saurinsu a cikin Kwari ya fi na mai kaya.

Acaɓa har yanzu ana ganinta a gefen gari da cikin unguwanni, amma haramcin na nan. In aka kama, tafiyarka ta tsaya a nan.

Lokacin fita na iya rushe duk lissafin

Daga bakwai zuwa tara na safe hanyoyin shigowa gari cike suke da 'yan makaranta da ma'aikata, daga la'asar zuwa bayan magariba kuma na fita, lokacin da kasuwanni ke tashi. Wanda harkarsa za ta iya jira, tsakanin goma da sha biyu ya fi samun mashin ba kowa da direba mai sauƙin ciniki. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya ana rufe titunan da ke gaban manyan masallatai har a idar. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, wanda ke da jirgi ko asibiti ya fita kafin lokacin. Da damina, in an yi ruwa mai ƙarfi, hanyoyin ƙarƙashin gada da kwaruruka kan tara ruwa, adaidaita ta mutu a tsakiya in ya shiga injin. Minti talatin na fakewa ya fi tura mashin. Gadojin sama irin ta Ƙofar Nassarawa da doguwar ta Sabon Gari suna rage lokaci, amma mai sauka a ƙasansu ya faɗa tun da wuri, in direba ya hau sai ƙarshenta.

Wa ya dace da wanne

Ma'aikaci ko ɗalibin da gidansa ke kan babban titi, tafiyarsa kuma doguwa ce miƙaƙƙiya, ya kama bas da safe in yana da rarar rabin awa, ya ajiye ɗan sahu don ranar da ya makara.

Mai ƙananan harkoki a tsakiyar gari, banki, Farm Centre gyaran waya, Kasuwar Rimi, shi kaɗai ba kaya, haɗaka ta ishe shi. Ya jera wuraren a kan layi ɗaya don kada ya biya hanya sau biyu, ya tanadi ƙananan kuɗi.

Mace mai yara, ko mutum uku masu tafiya tare, ko duk wanda tafiyarsa ta kai hawa uku, shata. Haka mai cefanen wata daga Yankaba ko 'Yan Lemo: ya tafi a haɗaka hannu sake, ya dawo a shata.

Mara lafiyan da zai iya zama, asibiti kuma kusa, shatar direban da aka sani. Wanda aka yi wa aiki, mai naƙuda, ko mai zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da karaya, mota kawai, domin girgizar adaidaita a kan ramuka ba ƙaramar azaba ba ce.

Baƙon da bai san mahaɗu ba, mai ɗauke da kwamfuta ko kuɗi masu yawa, mai zuwa filin jirgi, da duk wanda dare ya yi masa bayan goma, motar manhaja ko direban da wani amintacce ya haɗa su.

Kayan da suka wuce buhu biyu, kurkura, kai kuma ka zauna kusa da direba.